Minti Biyu a Gaban Waya: Ɗaliban Ƙetaren Gada da Gasar Bidiyon Kimiyya

Ranar wata Asabar da hantsi, a harabar wata ƙaramar makarantar kuɗi da ke Narayi a garin Kaduna, ɗalibai uku 'yan aji biyar na sakandare sun jera kofuna uku na zobo a kan benci. An jingina waya da tarin littattafai, an tokare ta da rabin bulo don kada ta zame. Ɗaya yana riƙe da farin kwali yana maido hasken rana kan kofunan, ɗaya yana tsaye bayan waya, ta ukun kuma ita ce mai bayani.

Ta matsa lemon tsami a kofin farko, zobon ya ƙara ja, ya yi haske. Ta zuba jiƙaƙƙiyar kanwa a na biyu, nan take ya yi duhu, ya karkata zuwa kore. Na ukun ta bar shi yadda yake. Tana buɗe baki za ta fara magana sai mai walda na bayan katanga ya ta da janareta.

Wannan shi ne karo na tara da suke ɗaukar bidiyon. A na huɗu akuya ce ta ratsa bayanta, a na shida dariya ce ta ƙwace wa mai riƙe da kwali.

Da aka samu shiru, yarinyar ta zubo bayani da Turanci tiryan-tiryan, kamar yadda yake a littafi, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Malamin da ke zaune a gefe ya bari ta kai aya, sannan ya ce ta maimaita masa da Hausa, kamar kakarta ce ta tambaye ta dalilin da ya sa kanwa ta ɓata launin zobo.

"Malam, da Hausa kuma?"

Ta yi shiru. Shirun ya fi ƙarar janaretan tsawo.

Gasar da ake magana a kai

Abin da ya tara yaran nan ranar hutu shi ne shirin shiga gasar bidiyon kimiyya. Irin wannan gasa ta yawaita a duniya tun da waya mai kyamara ta zama ruwan dare, amma wadda ta fi yin suna ita ce Breakthrough Junior Challenge, wadda aka fara a 2015. Attajirin nan Yuri Milner da matarsa Julia ne suka assasa ta, kuma ƙofarta a buɗe take ga duk mai shekara 13 zuwa 18, ko daga wace ƙasa yake. Ba a biyan ko sisi wajen shiga.

Abin da ake nema ba shi da yawa a faɗe: ɗalibi ya ɗauki wani batu mai wuya daga fiziks, lissafi ko kimiyyar halittu, ya warware shi a gajeren bidiyo yadda kowa zai gane. Tsawon bidiyon ya sha canzawa. An yi minti uku, an yi minti ɗaya da rabi, a 'yan shekarun nan kuma minti biyu ne.

Kyautar ce ke sa mutum ya gyara zama. Wanda ya zo na ɗaya ana ba shi tallafin karatun jami'a na dala 250,000, malamin da ya ambata a matsayin wanda ya zaburar da shi ya samu dala 50,000, makarantarsu kuma a gina mata ɗakin gwaje-gwaje na dala 100,000. A canjin 'yan shekarun nan, kason ɗalibin kaɗai ya haura naira miliyan 300.

Waɗanda suka ci ba duka ba ne 'ya'yan manyan ƙasashe. A 2016 ɗalibai biyu ne suka ci, wata daga Peru da wata daga Singafo. A 2021 Amber Kwok ta tsibirin Morishiyos, ƙasa ce ta Afirka, ta ɗauke. Wadda labarinta ya fi tsaya min a rai ita ce Hillary Diane Andales ta Filifin, wadda ta rayu cikin bala'in guguwar Haiyan ta 2013. Ta shiga a 2016 ba ta kai ga babbar kyauta ba, ta sake dawowa a 2017 ta ci. Ta buɗe bayaninta da misalin da ɗan firamare zai gane: lamba guda a rubuce, wanda ke wannan gefe ya ce 6 ce, wanda ke wancan gefe ya ce 9 ce, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Daga nan ta hau zuwa ka'idar Einstein. Daga baya ta tafi karatu jami'ar MIT a Amurka.

Gida Najeriya ma akwai abin nuni. A 2018 wasu 'yan mata biyar daga makarantar Regina Pacis ta Onitsha sun ci zinare a gasar Technovation a Amurka da manhajar gano jabun magunguna, kuma bidiyon gabatar da aiki yana cikin sharuɗɗan wannan gasa.

Kaduna ba baƙuwar wannan harka ba ce

Duk wanda zai ce yaran Kaduna ba za su iya ba, to bai ji labarin The Critics ba. Wasu samari ne 'yan garin nan da suka riƙa haɗa gajerun finafinan almarar kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da ƙyallen koren yadi, wanda sai da suka yi tarin kuɗi kafin su saya. Dabarun haɗa hoto kuwa a YouTube suka koya. A 2019 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya yi rahoto a kansu, duniya ta ɗauka, har daga baya J.J. Abrams, daraktan da ya yi wasu daga cikin finafinan Star Wars, ya aiko musu da kayan aiki.

Ke nan batun iya sarrafa kyamara an wuce wurin. Ɗan shekara goma sha huɗu a Sabon Tasha ko Kakuri ya san manhajar CapCut fiye da yadda malaminsa ya san allo. Zai yanka, ya haɗa, ya ɗora rubutu, ya sa sauti, duk yana zaune a bayan keke-napep.

Sannan wannan ɓangare na gari, wato ƙetaren gada, da ƙarfe da injin aka gina shi. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, sauran masaƙu irin su UNTL da Arewa suka biyo baya. A nan kamfanin ƙera makamai na DICON yake tun 1964, a nan Peugeot ta fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai kuma ta fara aiki a 1980. Kakannin yaran da ke makaranta yau, da yawansu ma'aikatan rini ne da kanikawa da masu gyaran tukunyar tururi. Masaƙun sun mutu ɗaya bayan ɗaya daga farkon shekarun 2000, amma har yanzu a Makera da Nasarawa za ka samu dattijon da zai yi maka bayanin yadda rini ke kama zare, bayanin da ya fi na littafi daɗin saurare.

To ina gizo ke saƙa?

Hadda

Shirun da yarinyar nan ta yi a Narayi, nan ne. Ta san sunan sinadarin da ke ba zobo launi, antosayanin. Ta san lemon tsami asid ne, kanwa kuma kishiyarsa. Abin da ba ta taɓa tsayawa ta yi tunani a kai ba shi ne me ke faruwa a cikin kofin. Amsar kuwa ba ta fi jimla biyu ba: ƙwayar sinadarin tana sauya siffa gwargwadon tsamin ruwan da take ciki, idan siffarta ta sauya sai irin hasken da take shanyewa ya sauya, abin da ya rage ya dawo idonmu shi ne sabon launi.

Ba laifinta ba ne. Tun daga ƙaramar sakandare aka ɗora ta a kan hanya guda: malam ya rubuta, a kwafa, a haddace, a zube ranar jarrabawa. A makarantu da yawa, na gwamnati da na kuɗi, ɗakin gwaji sai a kusa da WAEC ake buɗe shi, a kaɗe ƙura, a yi gwajin da ake sa ran zai fito. Wasu ma a allo ake zana musu kwalaben. Ɗalibi zai iya fita da sakamako mai kyau a kemistiri bai taɓa ganin ruwa ya sauya launi a hannunsa ba.

Jarrabawar takarda tana iya rufa wa hadda asiri. Kyamara ba ta da wannan kara. Minti biyu ba ya ɗaukar fiye da kalmomi ɗari uku, kuma mutum ba ya iya taƙaita abin da bai gane ba. Wanda ya haddace, da ka ce ya rage rabi sai ya rasa wanne zai zubar, domin duk jimlolin nauyinsu ɗaya a wurinsa.

Gasannin da muka fi sani a gida, irin su Cowbellpedia da InterswitchSPAK da ake nunawa a talabijin, suna gwada saurin kai da ƙwarewar warware tambaya, kuma sun yi amfani ƙwarai. Amma wani yaron ba shi da saurin danna ƙararrawa, sai dai idan ka ba shi mako biyu da kofin zobo zai fito maka da abin da ba ka zata ba. Irin wannan yaro ne gasar bidiyo ke nema, kuma alƙalan Breakthrough sun faɗi ma'auninsu a fili: jan hankali, haskaka batu, ƙirƙira, da wuyar abin da aka ɗauko.

Abin da iyaye da malamai ke gani

Ba kowa ne ke murna da zancen ba, kuma masu ja da baya suna da hujja.

Uba da ya sha fama kafin ya raba 'yarsa da TikTok, yau a zo a ce masa makaranta ce da kanta ke so ta tsaya gaban kyamara a ɗora a YouTube duniya ta gani, dole ya yi turus. Wannan damuwa ba ta da addini. Yadda za ka ji ta a gidan Musulmi a Nasarawa, haka za ka ji ta a gidan Kirista a Unguwar Romi. Abin da yawancin iyaye ke tambaya ɗaya ne: wa zai gani, kuma wa ke riƙe da wayar?

Masu makarantun kuɗi kuma lissafinsu daban. Iyaye sakamakon WAEC da NECO da JAMB suke saya, shi ake mannawa a bakin ƙofa. Awa ɗayan da aka kashe wajen ɗaukar bidiyo, a ganinsu, an cire ta ne daga bitar tsofaffin tambayoyi. Ga shi makarantu da dama sun hana zuwa da waya gaba ɗaya, kuma ba a banza ba.

Malami shi ne a tsakiya. Yana koyar da fiziks da kemistiri, wani lokaci har da lissafi, a kan albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, da yamma ya zagaya gidaje yana lesin. Ka ce ya ba da Asabar ɗinsa kyauta? Wanda na gani a Narayi ya bayar, da kuɗin motarsa ya zo, wayar da ake ɗauka ma tasa ce. Amma ba a gina tsari a kan sadaukarwar mutum ɗaya. Ran da ya samu aikin da ya fi, ƙungiyar ta watse ke nan, kamar yadda ƙungiyoyin JETS na matasan injiniyoyi da masana kimiyya suka zama suna kawai a makarantu da yawa.

A nawa ganin, tsoron iyaye shi ya fi sauƙin magani. A yi komai a makaranta, da wayar malami, da rubutaccen izinin uba ko uwa, wanda dama manyan gasannin ke nema ga wanda bai kai 18 ba. A nuna wa iyaye bidiyon kafin a ɗora. Kuma bidiyoyin kimiyya da yawa hannuwa ne da zane da murya suka fi yawa a cikinsu, ba rangwaɗa ba.

Wuta, data da hayaniya

Sauran matsalolin kowa ya san su. Ana tsakiyar haɗa bidiyo a ɗauke wuta, waya ta mutu, sai an kai wurin mai caji. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ta da janareta don aikin yara ya zama abin da sai an yi shawara. A watan Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.

Akwai wani sharaɗi da ɗalibai kan manta da shi. A gasar Breakthrough, bayan ka tura naka, wajibi ne ka kalli bidiyoyin wasu 'yan takara aƙalla biyar ka ba su maki. Wanda bai yi ba ya fita, kome kyan aikinsa. Saboda haka datar da za a tanada ba ta ɗorawa kaɗai ba ce.

Amma babban abokin gaba a unguwanninmu shi ne ƙara. Mai kallo yana yafe hoto mai ɗan dishi-dishi, ba ya yafe muryar da ba ya ji. Tsakanin injin niƙa, mai tallan ruwa, lasifikar coci da ta masallaci, samun minti biyu na shiru a unguwar Television ko Unguwar Boro sai an yi dabara. Yaran Narayi daga ƙarshe raba aikin suka yi. Suka ɗauki hoton da rana, muryar kuma yarinyar ta ɗauka da sassafe a ɗakin mahaifiyarta, ta rufe ƙofa da taga, ta lulluɓa da bargo don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. Makirufon nata shi ne na 'yar igiyar kunne ta naira dubu ɗaya da 'yan kai.

Kiɗa kuma a yi hattara. Ɗora waƙar wani a bayan bidiyo ba tare da izini ba yana iya sa a watsar da aikin tun kafin alƙali ya gani. Haka duk wata "gasa" da aka turo a WhatsApp ana cewa a biya kuɗin fom ta asusun wani mutum, a bar ta inda aka gan ta. Ranakun buɗewa da rufewa suna sauyawa shekara-shekara, don haka shafin masu gasar ne kaɗai abin dogaro.

Batun yana bakin ƙofa

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya ɗauka sai ya yi magana a kan baƙin ramin sararin samaniya kafin a ɗauke shi da daraja. Sai ya kwaso bayanin da ɗaruruwan yara a Indiya da Amurka suka riga suka yi, da kayan aikin da suka fi nasa.

Alhali ga randa a tsakar gida. Me ya sa ruwanta ke sanyi a watan Afrilu, na jarka kuma ya yi zafi? Domin tukunyar ƙasa tana tsattsafo da ruwa ta ƙananan ƙofofi, ruwan da ya fito yana bin iska, kuma ba ya tafiya sai ya ɗebi zafi daga abin da ya bari. A kan wannan ilimi Mohammed Bah Abba, wani malami daga Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Daga randa ana iya hawa har zuwa dokokin zafi da ake karantawa a jami'a, kuma wannan hawa daga abin da aka sani zuwa abin da ke da wuya shi ne ainihin abin da alƙalai ke so.

Ga tartsatsin da rigar sanyi ke yi cikin duhu lokacin hunturu, wanda ba ya yi da damina. Ga yadda matatar mai ke raba ɗanyen mai zuwa fetur da kananzir da gas ta bambancin zafin da kowanne ke tafasa. Ga kogin Kaduna kansa, da yadda yake cika ya shiga gidaje a watan Agusta da Satumba. Ga sauro, da dalilin da ya sa maganin zazzaɓin da ya yi wa iyayenmu aiki ya daina yi.

Sai maganar harshe. Manyan gasannin da Turanci ake shiga, wannan ba makawa. Amma dabarar malamin Narayi ta burge ni: ba ya bari a rubuta kalma ɗaya ta Turanci sai ɗalibi ya iya faɗin abin da Hausa. A ajin nasa akwai Bajju da Gbagyi da Atyap da Ibo da Bahaushe, kuma Hausa ce suke wasa da faɗa da ita. Idan bayani ya tsaya da ƙafarsa a harshen da ba shi da manyan kalmomin da za a ɓuya a bayansu, to an gane shi. Mayar da shi Turanci aikin yini ɗaya ne.

A fara daga gida

Gaskiya ɗaya ce, dubban yara ne ke shiga gasar duniya kowace shekara, galibi mutum ɗaya ke ɗaukar babbar kyauta. Duk malamin da ya sa wa ɗalibansa rai da dala ya shirya lallashi. Ribar da ke hannu ita ce yaron da ya yi wata guda yana kokawa da batu ɗaya har ya iya bayyana shi ba zai sake kallon littafi yadda yake kallonsa da ba.

Shi ya sa nake ganin jiran Amurka ma ɓata lokaci ne. Babu abin da zai hana makarantu goma na Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha su haɗa tasu gasar a zango ɗaya. Alƙalai suna nan a Kaduna Polytechnic da Jami'ar Jihar Kaduna. Ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN, wadda ta girmi 'yancin kan ƙasar nan, ta san yadda ake shirya irin wannan. A karɓi bidiyo da Turanci, a karɓa da Hausa. Kyauta ko littattafai ne da kuɗin rajistar jarrabawa sun isa.

Kuma a gayyato makarantun Tudun Wada da Kawo da Unguwar Rimi da ke ɗaya gefen kogin. Tun rikicin da aka yi a garin a shekarar 2000 kogin nan ya zama iyaka a zukatan mutane, har akwai yaran da aka haifa a Gonin Gora da ba su da aboki ko ɗaya a Rigasa. Zama a zaure ɗaya ana kallon bidiyon juna ba zai goge wannan ba, amma ya fi taron jawabai da ake kira da sunan zaman lafiya a tashi kowa ya kama gabansa.

Yaran Narayi sun kammala nasu a karo na goma sha huɗu. Bidiyon ya zo minti biyu da daƙiƙa tara, suka kwana biyu suna gardamar jimlar da za a cire. Kafin su tura ko'ina, an fara kunna wa 'yan aji uku, kuma washegari biyu daga cikinsu suka zo da zobo a gora da ƙullin toka, wai suna so su ga ko ita ma za ta yi abin da kanwa ta yi.

Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai na ƙetaren gada, abin da ake nema a wurinku bai wuce aji ɗaya a buɗe ranar Asabar ba, da soket mai wuta, da ɗan abin da malami zai sa a aljihu ya hau mota. Wayar tana hannun yaran tun tuni.